Gaisuwar Fagge da Ƙafar Baba

Ni ce na fara hana Baba taka keken ɗinki. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, don ƙanena yana son ba da labarin nan, kuma duk inda ya ba da shi ni ce mai laifin.

Baba tela ne. A Fagge ya koyi ɗinki, a Fagge ya yi furfura a kansa, kuma tun da na yi wayo keke ɗaya na san shi da shi, baƙi mai feda, irin wanda ake takawa da ƙafa. Da safe ya taka da ƙafa daga gida zuwa shago can wajen Bata, da azahar ya dawo cin abinci ya koma, in zare ko yadi ya ƙare ya shiga kasuwar Kwari da kansa, ga masallaci sau biyar. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin motsa jiki ba. A wurinsa motsa jiki na manyan ma'aikata ne masu tumbi da gajeren wando.

Sai ya fara tsayawa a hanya. Yana cikin tafiya naman bayan ƙwaurinsa na hagu zai ƙulle, ya tsaya kamar mai laluben wani abu a aljihu, in ya ɗan huta ya sake shi, ya ci gaba. Ya daɗe yana ɓoye mana. Da ma yana shan maganin hawan jini da na suga, ga shi wansa, wanda muke kira Baba Babba, sai da aka yanke masa ƙafa daga gwiwa kafin ya rasu. Ranar da na gane abin da Baba yake ɓoyewa, abin da ya fara faɗo mini a rai ke nan: wandon Baba Babba, an naɗe ƙafa ɗaya an soke da fil. Baba ne ma ya gyara masa sauran wandunan da hannunsa. Na tabbata shi ma abin da yake gani ke nan, ko da bai faɗa ba.

Ni ce babba, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kirana sai Uwata. Tun rasuwar Inna, mahaifiyarmu, na ɗauki sunan nan da gaske. Na taso daga gidana a Kwaciri, na tara ƙanena da matarsa, waɗanda suke zaune tare da shi, na ce daga yau Baba ya gama wahala. Muka sa wa keken inji mai aiki da wuta don ya daina takawa. Muka samo mai adaidaita da zai riƙa kai shi shago yana ɗauko shi. Da ciwon bai bari ba muka ce shagon ma ya isa haka, abokan aikinsa su ci gaba. Muka ajiye masa kujera mai laushi a soro. Masallacin da yake zuwa tun yana saurayi muka ce ya yi nisa, ya riƙa bin na bakin lungu. In ya yunƙura zai ɗauko buta, mutum uku ne za su riga shi.

Mutane suka yi ta sa mana albarka. Har a gidan suna na ji wata tana ba da misali da mu, wai a je a ga yadda 'ya'yan tela suke riƙon ubansu. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, har tafiyata ta canza ranar.

Shekara guda yana hutawa, ƙafa tana ƙara lalacewa. Da can yakan kusa kai Bata kafin ta ƙulle. Yanzu daga soro zuwa masallacin bakin lungu sai ya tsaya sau biyu. Wata rana ina yanke masa farce na ji ƙafar hagun sanyi ƙalau, ta daman kuwa da ɗuminta. Gashin ƙwaurin duk ya zube, fatar tana ƙyalli. Na ɗaga kai muka haɗa ido, ya yi sauri ya ja bakin wando ya rufe. Washegari muka tafi asibiti.

Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, mai magana a hankali. Ta taɓa bayan gwiwarsa, ta taɓa saman ƙafa da gefen idon sawu tana neman bugun jini, ta ɗaura abin awo a hannu, ta sake ɗaura shi a ƙafa. Ta buɗe tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya tana neman rauni, ba ta samu ba. Ta tambaye shi ko ya taɓa shan taba. Baba ya kalli silin. Ya ce an ɗan taɓa, da ƙuruciya, kafin a haifi wannan. Ranar na fara ji, ina da 'ya'ya huɗu.

Sai ta ce, "Baba, kana yawan tafiya da ƙafa?"

Ban bari ya amsa ba. Na gyara mayafi na ce, "Ai likita, mun hana shi. Ko buta ba ya ɗauka."

Ta ajiye biro ta dube ni. "Ku kuka hana shi?"

"Mu ne," na ce, ina jiran a yaba.

Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta juya wajen Baba ta tambayi sana'arsa. Da ta ji tela ne sai ta ce to zai fi kowa ganewa. Ta ce kowace jijiyar jini tana da shafi daga ciki, kamar yadda ake yi wa riga, sai dai wannan shafin mai rai ne, ƙwayoyin halitta ne a shimfiɗe a jere, ƙanana da ido ba ya gani. In mutum ya tashi tafiya, jini ya ƙara gudu yana gogar shafin nan, sai ƙwayoyin su ji gugar su saki wani irin gas ɗan kaɗan, sunansa naitirik oksaid. Gas ɗin ya ratsa zuwa naman da ya naɗe jijiyar, naman ya saki, jijiya ta buɗe, jini ya wuce ya isa inda ake nemansa. Shi ne kuma yake taimakawa kada jini ya riƙa yin gudaji yana manne wa bangon jijiya.

"To a ba shi a kwalba mana," na ce, "ko a allura."

Ta ce ba ya ajiyuwa a jiki. Ana yin sa, cikin ƙiftawar ido ya gama aikinsa ya ɓace, sai an sake yin sabo. Suga da hawan jini da tsohuwar taba sun riga sun gajiyar da shafin Baba, babbar jijiyar cinyarsa kuma kitse ya ƙuntata ta. Abin da ya rage yana tayar da ƙwayoyin nan su yi aiki shi ne gudun jini, gudun jini kuwa tafiya ce take kawo shi, da taka keke.

"Ku kuma kun zaunar da shi," ta ce.

Baba bai dube ni ba. Hularsa ya cire, ya leƙa cikinta, ya mayar. Can ya yi tambayar da ta kawo mu, murya ƙasa-ƙasa. "Likita, za a yanke?"

"Yau dai babu dalili. Babu rauni, kuma ba ta yi maka ciwo in kana zaune. Amma in aka ci gaba a haka, ba zan yi maka alkawari ba."

Ta ƙara magunguna, ta ce a riƙa duba ƙafar kullum, kada ya taka ƙasa ba takalmi. Sannan ta ba shi aiki: ya yi tafiya ba tsayawa har ciwon ya taso ya kama shi sosai, ya huta ya sake shi, ya sake tashi. Haka har rabin awa ko fiye, aƙalla sau uku a mako, mu dawo bayan wata uku. In ciwo ya zo a ƙirji, ko ƙafa ta yi rauni ko ta canza launi, mu bar komai mu zo.

A adaidaita muna komawa na yi ta kuka a cikin mayafi. Baba ya ce, "Uwata, ya isa. Ai ba da mugunta kuka yi ba." Wannan maganar ta fi ta likita yi mini zafi.

Na ɗauka abin mai sauƙi ne, a fita a yi tafiya. Na manta wane ne Baba a Fagge.

Asabar da safe na zo na ɗaure masa takalmi mai igiya da ƙanena ya kawo, wanda Baba ya ce ya mai da shi ɗan firamare, muka fito. Taku goma ba mu yi ba mai shayin bakin lungu ya bar tukunya ya taho ya durƙusa. Ina kwana, an tashi lafiya, ya jiki, ya ƙarfin jiki, ya iyali, ya wajen su wane, Allah Ya ƙara sauƙi. Baba ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya kuma mayar da nasa, har da tambayar mahaifiyar mai shayin da ke ƙauye. Muka yi gaba kaɗan, ga liman. Liman kuwa in ya kama hannunka sai ya ga dama zai saki. Daga liman sai wani da Baba ya ɗinka wa kayan angonci, sai wanda ya koyi ɗinki a hannunsa, sai mai kemis da ya fito da benci a guje yana cewa haba, a bar Alhaji a tsaye. Masu adaidaita biyu suka ci burki a gabanmu, kowanne yana rantsuwa ba zai wuce ya bar Baba a ƙasa ba.

Rabin awa ta cika muna gaban kemis, wurin da in ka waiwaya kana hango ƙofar gidanmu. Ƙafar ko motsi ba ta yi ba, don ba a ba ta damar yin ciwon ba.

Na gwada dabaru. Na ce mu fita da sassafe, ashe lokacin ne masu fitowa daga masallaci suka fi yawa. Na ce ya riƙa ɗaga hannu kawai yana wucewa. Ya dube ni kamar na ce ya fita ba riga. "Mutum ya durƙusa mini in wuce? Ni wa?" Rannan na ƙule. Wani dattijo ya tare mu ya fara gaisuwa, na ce masa, "Baba, a yi haƙuri, likita ce ta ce kada ya tsaya." Kafin la'asar magana ta zaga unguwa cewa 'yar tela ta Kwaciri ta zama marar kunya, tana jan tsoho a rana, tana hana shi gaisawa da mutane. Matan da suka ba da misali da ni a gidan suna su ne a gaba wajen yaɗawa. Har yau akwai wadda ba ta amsa sallamata da kyau, ni ma ban matsa ba.

Sati uku muka ɓata a haka. Kullum da yamma matar ƙanena za ta duba tsakanin yatsunsa ta kira ni a waya.

Sista ce ta fitar da mu. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Iyayenta daga kudu maso gabas suka zo, ita kuwa a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni. Baba ne ya ɗinka wa 'ya'yanta kayan makaranta da na Kirsimeti tun daga na fari har auta, ita ce kuma ta karɓi haihuwar ƙanena. Ta ji Baba ba shi da lafiya ta zo dubiya da lemo a leda. Na zayyana mata komai, tun daga shafin jijiya har bencin mai kemis. Ta yi dariya har tana dafa gwiwa.

"Wato girma ne zai cinye masa ƙafa," ta ce. "Malam, ka zo layinmu. Can ba wanda ya san ka, ba wanda zai durƙusa maka. Titi a miƙe, ga falwaya a jere, ka ƙirga abinka. Ni ma gwiwata tana son tafiya, sai mu yi tare."

Tsakanin Fagge da Sabon Gari ba wata tafiya ba ce, amma Baba iyakarsa da can kasuwa, ya sayi maɓalli da allurar keke ya fito. Ya ce zai yi shawara. Na ce ya yi ta a hanya, gobe zan zo.

Abin dariya, sai da muka hau adaidaita aka kai mu inda za mu yi tafiya. Ba don nisa ba, don a tsallake masu gaisuwa. Baba ya sunkuyar da kai a ciki har muka fita daga unguwa.

Lahadi ce, gari ya waye sosai. Shagunan kayan gyaran mota duk a rufe, titi fayau, ana jin waƙa daga coci biyu a lokaci ɗaya, kowace da gangarta. Mata da manyan gwaggwaro suna wucewa riƙe da hannun 'ya'yansu. Sista tana jiranmu a ƙofar gidanta da sanda. Muka tashi. Wani ya gifta ya ce, "Sannu Baba," bai ko rage tafiya ba. Sauran ko kallo ba mu ishe su ba.

A falwaya ta huɗu ciwon ya zo. Na gan shi a fuskarsa kafin ya faɗa. Sista ta ce, "Ƙara ɗaya, Malam." Ya ƙara yana jan ƙafa, ya kai ta biyar ya dafa ta da hannu biyu, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Ban taɓa ganin Baba haka ba. Na ɗaga hannu zan tsayar da adaidaita, Sista ta buge hannun da sandarta, kuma ba da wasa ba.

"Ƙirji ne?" ta tambaye shi. Ya girgiza kai. Ta juyo kaina. "To ki bar shi. Ke ba ki ji abin da likitarku ta ce ba? Yanzu ne jinin yake gogar shafin. Kin zaunar da shi shekara guda, yau ma za ki ƙara?"

Na ji haushinta ƙwarai, don gaskiya ta faɗa, kuma a bakin titi. Na koma gefe na tsaya ina kallon kwata. Bayan 'yan mintuna Baba ya miƙe ya ce ta saki. Muka sake tashi. Sau biyar muka yi haka ranar.

A hanyar gida na zaci zai yi ƙorafin ƙafa. Ashe abin da ya dame shi daban ne. "Uwata, mutanen nan fa ba su da gaisuwa. Rabin awa, ba wanda ya tambaye ni iyali." Na ce ai abin da ya kawo mu ke nan. Ya ce ya sani, amma dai.

Muka ɗora, Asabar da Lahadi, sai Laraba kafin in wuce makarantar da nake koyarwa. Ranar aiki titin ba ya zama fayau, masu shago suna buɗewa, ana sauke taya da batir, mai ƙosai tana hura wuta, amma ba mai tare hanya. Sista tana tafe tana ba shi labarin aikin jinya, shi kuma yana nuna mata wanda tela ya yi wa aiki da wanda tela ya cuta, don ba ya iya ganin ɗinki a jikin mutum bai duba ba. Ni ina baya da gorar ruwa da alewa a jaka ko suga zai faɗi.

Sati biyu muna kan falwaya biyar. Na kasa haƙuri, na ce wa Sista ni fa ina ganin likitar nan lallashinmu kawai ta yi da zancen gas ɗin da ba a gani ba a ji. Muka koma ƙofar gidanta. Ta shiga ta fito da abin awon jininta, ta ɗaura mini a hannu, ta yi ta hura shi har ya matse ni, ta bar shi haka. Hannuna ya yi sanyi, ya yi nauyi, yatsun suka fara tsirawa kamar na kwanta a kansu. Da na fara masifa sai ta saki. Nan take ɗumi ya kwararo har ƙarshen yatsu, tafin ya yi ja fiye da ɗaya hannun.

"Kin ji?" ta ce. "Jini ya taho da gudu, ya gogi shafin, jijiya ta buɗe fiye da yadda take ɗazu. Naki sabo ne, shi ya sa ya amsa nan da nan. Na Malam tsoho ne, sai an yi ta tashinsa."

Baba yana zaune a benci yana kallo. Ya ce a ƙara ɗaura mini, wai ya daɗe bai ga na yi shiru ba.

Sai falwaya ta zama shida. Ta koma biyar a makon da ya ci alkaki a ɓoye suga ya hau. Sannan bakwai, sannan tara. In za mu tafi Sista ta cusa mini ganyen ugu, wanda suke miya da shi, a leda, ta ce ganye yana taimaka wa jijiya. Baba ya ce shi zogale da alayyahu sun ishe shi, amma miyar ugun ba ya rage ko kaɗan a kwano.

Ba a daɗe ba magana ta kai Kwari, inda ƙanena yake sayar da atamfa. Wani ya ja shi gefe ya ce, cikin tausayawa, an ga Alhaji yana fitowa daga Sabon Gari da sassafe, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a dai bincika. Wasu mutanenmu in an ce Sabon Gari, kasuwa da coci da gidajen jama'a ba sa zo musu a rai, sai mashaya. Ƙanena ya dawo fuska a murtuke ya ce a daina, sunan gida yana ɓaci. Na tashi masa. Na ce ranar da aka yanke ƙafar, mai maganar ne zai riƙa zuwa yana ɗaukar Baba zuwa bayi? Baba ya bar mu muka gama, sannan ya ce wa ƙanena, "Ka gaya masa gobe ya zo mu je tare, in zai iya." Daga ranar ƙanena ya karɓi Laraba.

Wata biyu da farawa sai ga matsalar da ba mu zata ba. Mutanen layin Sista suka san shi. Baba ne ya jawo, don in ba a gaishe shi ba shi yakan gaisar. Mai sayar da taya ya koyi cewa ya iyali, mai ƙosai ta fara fito da kujera. Sista ta ce ita ba za ta bari a mai da mata layi Fagge ba, ta mayar da mu layi na uku, inda ita ma ba kowa ya san ta ba.

Da wata uku suka cika Baba yana kai ƙarshen layi ya karya kwana ya shiga na gaba kafin ƙafar ta ƙulle, na ma daina ƙirga falwaya. Duk da haka ranar komawa asibiti ko karyawa ban yi ba. Likita ta sake awonta na hannu da ƙafa, ta duba yatsu, ta sa shi ya yi ta zagaya baranda tana kallon agogo har ita ta ce ya isa. Ta ce kada mu ruɗi kanmu, babbar jijiyar tana nan a ƙuntace, awon ma bai canza sosai ba. Amma ƙananan da ke kewaye da ita sun fi buɗewa yanzu, naman ƙafar kuma ya koyi aiki da abin da yake samu.

"Maganar yanka fa?" Ni na tambaya wannan karon.

"Ba ta taso ba. Ya ci gaba da magani, ya ci gaba da tafiya. In ya daina, abin da aka samu zai koma."

Na fito na zauna a benci. Na yi hamdala ban san iyaka ba. Na kira Sista, ta yi ihu a waya tana gode wa Allah da harshe biyu. Baba kuwa yana tsaye a kaina yana cewa in tashi mu tafi, yunwa yake ji. A makon na sa ƙanena ya kwance injin wutar daga jikin keken, aka mayar da bel, Baba ya koma shago rabin yini.

Sai dai zuciyata ba ta gama kwanciya ba. Tafiyar Sabon Gari ta lallaɓawa ce, Sista a gefe, ni a baya, ga wurin dafawa duk inda ka juya. Ban san abin da ƙafar za ta yi ba ranar da aka neme ta ba shiri.

Ranar ta zo bayan ƙaramar salla. Aminin Baba ya rasu, wanda suka koyi ɗinki a gaban maigida ɗaya tun suna yara, gidansa lungu biyu daga namu. Da hantsi aka yi masa salla a ƙofar gida. A unguwarmu har yanzu a kafaɗa ake kai mamaci, masu makara kuwa ba sa tafiya a hankali, sauri suke yi ana karɓa-karɓa, wanda ya gaji ya ja baya. Maƙabartar da nisa, ta ninka abin da Baba ya saba yi a miƙe. Ƙanena ya tanadi mota don dattawa. Ina cikin gida wurin mata ya kira ni a waya yana haki.

"Yaya, Baba ya ƙi shiga mota. Ya bi makara."

"Ka bar shi ya bi? Kai kana ina?"

"Ina bayansa. Wallahi na kasa tare shi."

Na kashe wayar. Ina zaune a tabarma cikin mata, ana ta salati, ana miƙo mini carbi, ni hankalina yana kan titi. A rakiyar gawa ba a tsayawa gaisuwa, ba a kuma tsayawa hutu. Na yi ta hango shi ya dafa bango jama'a sun wuce sun bar shi, na yi ta hango an kwaso shi a adaidaita. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai na miƙe. Da na ga zaman ba zai yiwu ba na yi wa masu gida gaisuwa na koma gidanmu na tsaya a soro.

Rana ta take suka dawo. Baba ya shigo da ƙafarsa, ƙasar maƙabarta har gwiwar wandonsa, kafaɗar rigarsa ta dama ta yi datti. Ya zauna a dakali. Na durƙusa na cire masa takalmi, na duba tafin, na duba yatsun. Ko ƙwarzane babu.

"Ta ƙulle?" na ce.

"Sau ɗaya, a bakin maƙabarta. Lokacin mun riga mun iso." Ya karɓi ruwa ya riƙe bai sha ba. "Uwata, sun ba ni na ɗauka. Sau biyu na karɓa, ta wajen kansa."

Sai ya sa hannun riga ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin kukan Baba ba sai ranar, ko a rasuwar Inna a ɗaki ya yi nasa. Ina durƙushe da ƙafarsa a hannuna, yana kukan amininsa, ni kuwa, Allah Ya yafe mini, daɗi ne ya cika mini ciki.